Matsi da Saki: Kwana Huɗu a Tudun Wadar Gusau

Direbobin hanyar Funtua zuwa Gusau ba sa yarda la'asar ta riske su a daji, don haka tun da hantsi muka bar tasha. Mu shida ne a motar, kowa ya yi jugum da carbinsa ko wayarsa har muka wuce 'Yankara. Sai a Tsafe, da aka tsaya shan mai, wata dattijuwa ta sayi ƙosai ta miƙa wa kowa, sannan baki ya buɗe. Da dutsen Kwatarkwashi ya ɓullo, direba ya kai hannu ya murɗa rediyo. Aka ɗan yi shuuu, sai ga muryar wata mai gabatar da gaishe-gaishe, tar, kamar a kujerar gaba take zaune. Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun shigo gida. In Pride ta kama haka, Gusau ta kusa."

Daga Kano na taso. Ɗaurin auren ƙanwar wani abokina ne ya kai ni, kuma ban taɓa kwana a Gusau ba sai wannan karon. Gidansu yana Tudun Wada, unguwa mai cike da jama'a, ga kasuwa, ga masallacin Juma'a, ga babban asibitin ƙwararru na Yariman Bakura. Kusan kowane babban gari na Arewa yana da tasa Tudun Wadar, to amma ta Gusau harshenta daban ne. Kwana ɗaya kunnena ya yi kafin ya saba da "munka" da "anka" da "shina nan tahe", kuma har na baro garin ban daina jin daɗinsu ba.

Aikina koyar da kimiyya ne a sakandare, kuma akwai wata kalma da ta daɗe tana gagara ta a gaban allo. Ita ce harafin M ɗin nan da ke ƙarshen AM da FM. Injiniyoyi suna kiran ta modileshan. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne likitoci ma suna amfani da ita in suna zancen ciwo da garkuwar jiki, masana halittu suna amfani da ita in suna zancen jijiya. Na gwada wa yara "daidaitawa", na gwada "sarrafawa", na gwada "sauyawa", duk ba ta zauna ba. Ban je Gusau neman ta ba, amma a can na tsince ta.

Mahaifin abokina dattijo ne da ya haura saba'in. Yana da wani tsohon akwatin rediyo ƙirar National, cikin rigar fata da ta yi baƙi saboda hannu. Washegarin isowata ya kira ɗansa ya ce akwatin ya daina kama gajeren zango, a kai wa mai gyara. Na ce zan raka shi.

Mai gyaran yana wata 'yar rumfa a gefen kasuwa. Teburinsa cike yake da cikin rediyoyi da aka farke, ga lasifika an jera kamar faifai, ga ƙarfen like yana hayaƙi, ga ɗan naɗin dalma da yake ɗiga wa wayoyi. Wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu yana riƙe masa tocila. Muka gaisa, abokina ya ce masa ga baƙo daga Kano, malamin kimiyya ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Malam, tunda Allah ya kawo ka, hwaɗa min. Mi ya sa in hadari ya taso da damina tashar Kaduna ka yin ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, FM ko a jikinta?"

Shekara talatin yana gyaran abin, ya san amsar da hannunsa, so yake ya ji ta da baki. Ga abin da na iya faɗa masa.

Muryar mutum kaya ce marar ƙafa. Kunnenmu yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kamar sau 20,000 a daƙiƙa guda. In aka ce a mai da sauti mai kaɗawa sau 1,000 ya zama igiyar lantarki a watsa shi haka nan, tsawon igiya guda zai kai kilomita 300, babu eriyar da za ta iya ɗaukar wannan. Saboda haka sai a nemo masa jaki. Tasha takan haifar da wata igiya mai saurin gaske wadda ba ta cewa komai, tafiya kawai take yi. Ta Pride FM tana kaɗawa sau miliyan 103.5 a daƙiƙa, tsawonta bai cika mita uku ba, shi ya sa ɗan sandan eriya ya ishe ta. Ta Rediyon Kaduna a gajeren zango mita 49 ce, lambar da duk tsohon mai sauraro ya haddace. To yaya za a ɗora wa jakin kaya? Hanya biyu aka fi sani. Ko dai a riƙa ƙara wa igiyar ƙarfi ana rage mata daidai da hawa da saukar murya, wannan shi ne AM. Ko kuma a bar ƙarfinta yadda yake, a riƙa ɗan ƙara mata sauri ana rage mata, wannan shi ne FM, wanda Edwin Armstrong na Amurka ya yi wa rajista a 1933. Walƙiya kuwa ƙarfi take zubawa a iska. Akwatin AM ƙarfi yake saurare, don haka ya ɗauka magana ce, ya zubo maka ƙas-ƙas. Na FM sauri kawai yake ƙirgawa, sai ya aske abin da ya yi tsini ya wuce.

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Amma FM ba ta da nisa." Haka ne. Igiyarta miƙe take tafiya kamar hasken tocila, in ƙasa ta lanƙwasa ko dutse ya tare, shi ke nan. Gajeren zango kuwa sama yake haurawa, ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da caji can ɗaruruwan kilomita bisa kanmu, ya dawo ƙasa a wata nahiya. Ta haka muryar Aminu Abdullahi Malumfashi ta iso ƙasar Hausa daga Landan a 1957, lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa, ta haka kuma Jamus da Amurka suka biyo baya. Matsakaicin zango da rana wani rufi na ƙasa-ƙasa yana shanye shi, in rana ta faɗi rufin ya watse, sai ka ji tashoshin da ba ka taɓa ji da rana ba suna tururuwa.

Ina cikin wannan bayani ya katse ni. Ya ce duk wannan sun gani da idonsu shekarar da anka yanke sabis.

A nan hirar ta sauya, kuma a nan na gane cewa ni baƙo ne. Mu a Kano labari muka ji. A ranar 3 ga Satumba, 2021, kwana biyu bayan sace ɗalibai fiye da saba'in a wata sakandare da ke ƙaramar hukumar Maradun, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen shekara. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Masu POS suka naɗe lemarsu. Wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Legas ya rasa yadda zai san an aiko. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtua don kiran waya ɗaya, da aka yanke can ma sai a zarce Zariya ko a nufi Sakkwato. Wasiƙa ta dawo, ana ba direbobi a tasha kamar zamanin da.

Mai gyaran ya ce, "Wayoyin nan duka lahiyassu lau, Malam. Ga caji, ga kati, ga hoto. Amma sun zama duwatsu. Rannan kowa yat tuna da akwatin da yaj jefa ƙarƙashin gado." A cikin wannan watan, in ji shi, ya gyara rediyon da bai gyara a shekara ba. Sanarwar rasuwa, cigiya, ɗage biki, duk ta tasha ake jin su.

Ban je Gusau don yanke hukunci a kan wannan mataki ba, kuma na ji bakin masu yabo da masu kuka a zaure guda. Sai dai abin da na fahimta a matsayina na malami shi ne, wayar hannu ma jaki take hawa. Muryarka takan zama lambobi, a ɗora lambobin a kan igiya ta hanyar murɗa ƙarfinta da lokacin tashinta, sau dubbai a daƙiƙa. Ko ɗan modem ɗin da muke soka wa kwamfuta, sunansa daga nan ya fito: mai ɗora kaya, mai sauke kaya. An kashe turke, jaki ya faɗi, kaya sun zube. Ita kuwa rediyo ba ta bukatar turke a unguwarka, batir biyu sun ishe ta. Ita ma ba ta tsira ba ko da yaushe: a Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafofi, ciki har da Pride FM da NTA da Gamji, a kan ɗaukar wani taron siyasa, har sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce aka janye. Mutanen garin nan sun san shiru iri biyu.

Muka bar akwatin, mai gyaran ya ce mu dawo jibi. A hanyar fita muka bi ta layin mahauta, sai ga mai kalangu yana bin rumfuna. Na tsaya. Kalangu ba baƙona ba ne, wa bai ji Shata ba? Amma ban taɓa tsayawa kusa haka na kalli hammatar makaɗi ba. Hannun dama yana dukan fata da maƙaɗi, bugu iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya. Duk maganar tana hannun hagu. In ya matse tsarkiyoyin da damtsensa fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya saki, sauti ya sauka. Wani mahauci ya ɗaga wuƙa sama ya yi kururuwa, domin ya ji takensa, alhali ba wanda ya buɗe baki.

Na tambayi makaɗin yadda yake sa ganga ta kira sunan mutum. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka shi daɗe, ai ba wani abu ba ne, matsi da saki ne."

Nan take na ji kalmar ta zauna. Bugun shi ne jaki, matsi da saki shi ne kaya. Kuma kalangu yana iya magana ne saboda Hausa kanta haka take. Kukan yaro da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, wasulansu ɗaya, tsawonsu ɗaya, hawa da saukar murya kaɗai ya raba su. Haka wuyan da ake rataya wa laya da wuyar da ake sha. Duk Bahaushe tun yana goye yake koyon abin da Armstrong ya saka wa igiyar lantarki. Ƙasar nan kuwa ta san darajar wannan fiye da ko'ina: ƙasar su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ce, waɗanda kotsonsu ke amsa musu waƙa kamar mutum.

Ɓangaren likitanci a tsakar gida ya same ni, ranar kamu. Yara suna guje-guje, wani ɗan shekara uku ya yi karo da turmi ya fasa ihu. Uwarsa ta sure shi, ta shiga murza masa goshi da tafin hannu tana hura masa iska, kafin minti guda ya yi shiru. Kusa da ni akwai gwaggon amarya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kowa yana ce mata Inna. Na ce, "Inna, kin ga abin da ake karantawa a littafi." Ta ce, "Mu ma mun karanta shi, Malam, amma iyayenmu sun riga littafin."

Abin da ke faruwa a goshin yaron nan yana da tarihi. A 1926 wani masani a Kambirij ta Ingila, Edgar Adrian, ya auna saƙon da ke bi ta jijiya guda ta kwaɗo, ya tarar da abin mamaki. Jijiya ba ta ɗaga murya. Ko taɓi aka yi maka ko duka, kowane bugu da take aikawa girmansa ɗaya ne. Abin da ke sauyawa shi ne yawan bugun a daƙiƙa: taɓi kaɗan, bugu jefi-jefi, matsa mai ƙarfi, bugu a jere kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Wato jikin ɗan Adam ya fi kusa da FM. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1932. Sai a 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya shafi uwar yaron nan kai tsaye. Saƙon zafi ba ya wucewa ƙwaƙwalwa kai tsaye, sai ya yada zango a laka. Jijiyoyin da ke ɗaukar zafi sirara ne, wasunsu tafiyar mita ɗaya suke yi a daƙiƙa. Masu ɗaukar taɓi da murza kuwa kaurara ne, sun ninka su sauri sau da yawa. In aka murza wurin, saƙon taɓi ya cika zangon, sai ya tura ƙofar da zafi zai bi ta rufu rabi. Ciwon yana nan, an dai rage masa murya. Wannan ne tushen 'yar na'urar da ake manna wa masu ciwon baya a sashen gashin ƙashi, tana tsikarar fata da lantarki kaɗan-kaɗan.

Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarni daga sama, ta matse ƙofar ko ta sake ta. Jiki yana da sinadaransa masu kama da maganin kashe zafi, an gano su a shekarun 1970. Shi ya sa ɗan dambe zai sha naushi a fage kalangu yana zuga shi bai ji komai ba, sai ya koma gida haƙarƙari ya ce ga ni. Shi ya sa kuma mai zullumi ciwonsa ya fi na kowa. Inna ta ce ta ga haka da yawa a 'yan shekarun nan: matan da suka gudo daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maru, a auna su ba a ga komai ba, amma jiki duk ciwo, barci ya ƙaurace. Ta ce wasu ma'aikata sukan ce musu ai lafiyarku lau. "Ba lahiya lau ba ne," in ji ta. "Ƙohwar ce ta ƙi ruhuwa." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Wanda ya kwana yana sauraren ƙarar babur, jijiyarsa ta koyi ihu, kuma cewa da shi ƙarya yake zalunci ne a kan zalunci. Nan ne kuma ƙwayoyi irin su tiramol suke samun ƙofa, domin aikinsu ke nan, danne muryar zafi, har jiki ya saba ya kasa yi da kansa.

Daga nan ta yi shiru, sannan ta kawo zancen da na san shi a jarida kawai. A 2010 aka lura yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Zazzaɓi, amai, sai jijjiga. An zaci sanƙarau ne ko cizon sauro, aka ba da magani bai yi ba. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka bi diddigi aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa cike suke da ita, ana kawo su gida ana niƙawa, har da injin niƙan hatsi, ƙura ta bi ɗaki da tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai 2013.

Abin da dalma take yi a ƙwaƙwalwa shi ne ya fi tsaya mini a rai. Jijiya da jijiya ba a haɗe suke ba, akwai ɗan rata a tsakaninsu, kuma sinadarin kalsiyam ne ke ba da izinin a tsallaka da saƙo, shi ke faɗin yaushe da kuma nawa. Dalma takan yi shigar kalsiyam, jiki ya buɗe mata ƙofa. In ta shiga, sai ta sa a saki saƙo inda ba a ce ba, ta hana a saki inda aka ce, ta kuma toshe wasu ƙofofin da ƙwaƙwalwar yaro ke amfani da su wajen ƙarfafa hanyar da aka bi sau da yawa, wanda shi ne koyo. Kamar a ba makaɗi kalangun da tsarkiyarsa ta saki: bugu yana fita, magana ba ta fita. Akwai maganin da ke kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, ya ceci rayuka da yawa, amma abin da ta riga ta ɓata ba ya dawowa duka. Inna ta ce waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata. Wasu ba sa ji sosai, wasu karatu ya ƙi zama, ana ce musu dakikai. Ta ce, "Duk malamin da za a tura can, ya kamata a hwara hwaɗa mai wannan." Ta dube ni da ta faɗi haka, na kuwa ji nauyinsa.

Ranar da muka koma karɓar akwatin, mai gyara ya ce wata 'yar waya ce ta saki a wajen makunnin zango, ya ɗiga mata dalma. Ina kallo yaron nasa ya ɗauki naɗin ya sa a baki ya riƙe da haƙori, don hannuwansa biyu suna aiki. Da can ba zan kula ba. Na ce, "Baba, don Allah a hana shi wannan, kuma ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci." Na gaya masa abin da Inna ta ce. Bai yi gardama ba. Ya miƙa hannu ya zare naɗin daga bakin yaron, ya ce, "Ka ji abin da Malam yac ce. Ni ma haka nika yi tun ina kamatai, ba wanda yah hwaɗa min."

Daren ƙarshe, bayan isha'i, an ɗauke wuta. Dattijo ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗora akwatin a cinya, ya zaro eriya har ƙarshe. Ya riƙa murɗa maɓallin a hankali da yatsu biyu, kunnensa a jingine da lasifika. Larabci ya wuce, Faransanci ya wuce, wani fito mai tsawo ya taso ya lafa. Can sai ga Hausa daga nesa, tana zuwa tana komawa kamar mai magana a cikin iska. Maƙwabta biyu suka matso da buta a hannu. Wani saurayi ya ce ai labaran nan suna cikin wayarsa tun la'asar. Dattijo ya ɗaga masa hannu alamar ya yi shiru, ya ɗan karkata eriyar wajen gabas, muryar ta fito sosai, ana karanta kanun labarai.